Tsarabar Benis: me masu kuɗi ke saye in sun sayi zanen Canaletto?

A farkon watan Yulin 2025 anka yi gwanjon wani zane a gidan Christie's da ke Landan. Faɗinsa bai kai mita ɗaya da rabi ba. An yi shi da fentin mai a kan ƙyalle kusan shekara 300 da sunka wuce, kuma abin da ke ciki bai wuce ruwa da jirage da gine-gine da sararin sama ba. An sayar da shi, haɗe da la'adar gidan gwanjon, fam miliyan 31 da dubu 900, wato sama da miliyar 24 na sefa. Wanda ya zana shi ɗan birnin Benis ne na Italiya, birnin da masu shi ke kira Venezia. Sunansa Giovanni Antonio Canal, amma duniya ta san shi da Canaletto. An haife shi a 1697, ya rasu a 1768.

Ran da na kai labarin ga fada, kafin shayi na biyu ya tafasa an gama lissafi: babur nawa kuɗin za su saya, buhun hatsi nawa, ɗalibi nawa za a biya wa burs. Babu wanda ya ce in nuna masa zanen. Ni ma, in faɗi gaskiya, sai da na koma ɗaki sannan na buɗe waya na dube shi da kyau. Abin da ya sa ni rubutun ga ke nan. Na bi zane-zanen irin wannan ɗaya bayan ɗaya, a fuskar waya da cikin wani littafi na ɗakin karatu, ina neman in gane ko kyan aikin ne masu kuɗi ke biya. Abin da na tarar shi ne kasuwa da ido ba kullum suke yanke hukunci ɗaya ba, kuma aikin Canaletto da ya fi burge ni shi ne wanda bai yi kama da abin da baƙi ke rububi ba.

Mu fara da kalma

Duk wanda ya yi lakol ya san kalmar paysage. Tushenta pays, wato ƙasa. Italiyanci ma haka ne: paese, ƙasa ko gari, ita ta haifi paesaggio. A ƙarni na 16 kalmomin biyu sunka yaɗu, kuma tun farko suna manne da sana'ar zane. Mu da Hausa muna da karkara, daji, fadama, jigawa, fako, tudu. Kowace ɗaya tana gaya maka abin da wurin zai yi maka: inda za ka shuka, inda za ka kai dabbobi, inda ruwa ke kwanciya. Paysage kuwa ƙasa ce da mutum ya ja da baya yana kallo, hannunsa a aljihu. Manomi a tsakiyar gonarsa ciyawa yake gani da hadarin da ke haɗowa, sai mai wucewa a mota ne ke cewa wurin ya yi kyau. Zan riƙa cewa zanen shimfiɗar ƙasa, duk da nauyinsa a baki. Waɗanda ƴan kasuwar zane ke kira tsofaffin gwanaye kuma su ne masu zanen Turai da sunka yi aiki kafin wajen shekarar 1800.

Tun kafin kalmar ta samu, abin yana nan. A 1338 zuwa 1339 Ambrogio Lorenzetti ya zana karkarar birnin Siena a jikin bangon zauren da mahukuntan garin ke zama. A ciki ana huɗa, ana shuka, ana girbi, ana sussuka, jakai na shigowa gari da kaya, wani na kora alade kasuwa. Manufar ita ce mai mulki ya ɗaga kai ya ga abin da adalci ke jawo wa ƙasa. Zanen yana jikin bango har yau, ba ya ɗaukuwa, ballantana a kai shi gwanjo.

Wajen 1508 Giorgione, shi ma a Benis, ya yi wani ɗan ƙaramin zane da ake kira La Tempesta, wato hadari. A dama mace na zaune tana shayar da jariri, a hagu namiji na tsaye da dogon sanda, ba sa kallon juna. Tsakaninsu rafi da gada, can baya gari, sama kuma ta yi duhu, walƙiya ta tsaga gajimare. Shekara 500 ana gardamar ko su wane ne mutanen nan biyu, ba a gama ba. A 1530 wani mai sha'awar zane, Marcantonio Michiel, ya gan shi a gidan attajiri Gabriele Vendramin, ya rubuta shi a matsayin ɗan zanen ƙasa mai hadari. Ku lura: da wurin ya fara kiransa, mutanen sunka biyo baya. Ku lura kuma inda ya gan shi: ɗakin wani mai tara zane, ba coci ko fada ba. Tun daga nan zanen shimfiɗar ƙasa ya zama kayan ɗaki.

Malaman sana'ar ba su ɗauke shi da daraja ba. A ƙarni na 17 makarantar zane ta sarkin Faransa ta jera nau'o'in zane hawa-hawa: labaran tarihi da na addini a sama, hoton fuskar mutum a ƙasa da su, shimfiɗar ƙasa can kusa da gindi. Amma masu saye ba su bi jerin ba. A Roma ana rububin aikin Claude Lorrain, Bafaranshen da ya ƙare rayuwarsa a can, mai zana rana tana faɗuwa a kan tashar jirage. Buƙata ta yi yawa har ya buɗe kundi yana sake zana kowane aiki da ya fita daga hannunsa, kusan 200, abin da ya zama shaida a kan masu jabu. Ana kuma neman na Salvator Rosa, ɗan Napoli, mai duwatsu da karyayyun itatuwa da ƴan fashi.

Tsaraba

A ƙarni na 18 al'ada ce ga ƴaƴan manyan Ingila, in sun gama karatu, su yi doguwar tafiya ta shekara ɗaya ko fiye, su ratsa Faransa su shiga Italiya: Firenze, Roma, Napoli, Benis. Babu kamara a lokacin. To wanda ya kashe dukiya haka, da me zai dawo ya nuna? Kun san yadda alhaji ke dawowa da hoton Makka ya rataya a zaure, duk wanda ya shigo ya san mai gidan ya je. Bambancin niyya a bayyane yake, amma aikin da hoton ke yi a bango iri ɗaya ne. Italiyawa na kiran irin zanen nan veduta, daga vedere, wato gani. Mu da mun ce tsaraba.

Canaletto ya gane kasuwar ga fiye da kowa. Ubansa mai zana labulen bayan dandalin wasan kwaikwayo ne, kuma a wurinsa ya koyi sana'a, wato tun yana yaro ya san yadda ake sa lebur ɗin ƙyalle ya yi zurfi a ido. Ya samu dillali kuma, Joseph Smith, ɗan kasuwar Ingila mazaunin Benis wanda daga baya ya zama ƙaramin jakadan ƙasarsa a can. Baƙo zai shiga gidan Smith, ya ga zanen a bango, ya ce a yi masa irinsa. Wani basaraken Ingila, Duke na Bedford na huɗu, shi kaɗai ya yi odar 24, suna nan har yau a gidan zuriyarsa, Woburn Abbey. Tun 1727 wani dillalin, Owen McSwiney, ya koka a wasiƙa cewa mutumin ga kullum sai ya canja farashi. Da yaƙin gadon sarautar Ostiriya ya tsayar da matafiya daga 1740, Canaletto ya bi masu sayensa gida: ya tafi Landan a 1746, ya yi kusan shekara tara. A 1762 Smith ya sayar wa Sarki George na Uku tarin kayansa, ciki har da zanen fenti na Canaletto kusan 50 da na alƙalami sama da 140. Sakamakon shi ne yau in kana son ganin Benis ɗin Canaletto, Ingila za ka nufa. Waɗanda sunka rage a garinsu ƴan ƙalilan ne, kuma sai a 1763, shekara biyar kafin rasuwarsa, makarantar zane ta Benis ta karɓe shi.

Zane biyu, hannu ɗaya

Wanda anka sayar a 2025 yana nuna babban bikin garin. Kowace shekara, ranar da Kiristoci ke tunawa da hawan Annabi Isa sama, shugaban jamhuriyar Benis, Doge, kan shiga wani jirgi mai ado da zinariya da ake kira Bucintoro, a kai shi bakin teku, ya jefa zobe cikin ruwa, alamar garin ya auri teku. Canaletto ya zana dawowar jirgin: fadar Doge, doguwar hasumiyar San Marco, ƙananan jirage cike da ƴan kallo, sama wasai. Aiki ne na gwani, ba musu. Ka ƙara girman hoton a waya ka ga yadda ɗigo biyu na farin fenti ke zama hular mutum, yadda inuwar fadar ke karyewa cikin ruwa. Amma komai a ciki ya san ana kallonsa. Garin ya yi wanka ya sa kayan salla ya tsaya a ɗauke shi.

Yanzu ku nemi wani, wanda ke National Gallery a Landan, da ake kira filin masu sassaƙa dutse. Wajen 1725 ya yi shi, bai kai shekara 30 ba. Babu fada, babu biki. Wani fili ne a unguwar San Vidal, an zube manyan duwatsun gini, magina na durƙushe suna sassaƙa kusa da wata rumfar katako. A hagu yaro ya faɗi ƙasa, wata mata ta yar da tsintsiya ta nufo shi, wata kuma ta leƙo daga bene tana kallo. Wata na ɗiban ruwa a rijiya. An shanya wanki. Shafen bango ya ɓaɓɓake, jan bulo ya fito. Hasken safiya ya shigo ta gefe, rabin filin rana rabi inuwa, sama kuma ba ta gama washewa ba. Can ƙetaren ruwa cocin Carità ne da hasumiyarsa, wadda ta rushe a 1744. A gine-ginen cocin nan ne yau gidan adana zane na Accademia yake, inda hadarin Giorgione ke rataye.

A nan fentin na da kauri, launin na da nauyi, mutanen kuma kowa da abin da ya dame shi, babu mai lura da mu. Wannan ne ya sa nake komawa kansa. A zanen biki idona na zagayawa sau ɗaya ya ce madalla. A filin magina sai ya tsaya wajen yaron, ya koma wajen rijiya, ya tambayi wace ce matar bene. Masana da dama na ganin wani ɗan gari anka yi wa shi, kuma biri ya yi kama da mutum: wane baƙo ne zai ƙetare tsaunukan Turai don ya koma gida da hoton wanki?

Da odar baƙi ta yi yawa, hannun ya canja. A ayyukan baya za ka ga igiyar ruwa ta koma ƴan lanƙwasassun layuka farare, ɗaya kamar ɗaya, fuskoki sun koma ɗigo. Yana da mataimaka a shagonsa, ciki har da ɗan ƴar uwarsa, Bernardo Bellotto. Kuma gaskiyar da ake yaba masa, a yi hattara da ita. An ce yana amfani da akwatin duhu, wato akwati mai gilashi da ke jefa surar waje a kan takarda, ana kuma gardamar iyakar amfanin da ya yi da shi. Abin da ba a gardama a kai shi ne yana faɗaɗa fili, ya matsar da gini, ya haɗa abin da ba a gani daga wuri ɗaya. Ɗan mai labulen wasan kwaikwayo ne. Yana ba baƙo garin yadda baƙon zai so ya tuna shi.

Suna linzami

To me mai saye na yau ke biya? Na farko, suna. A nan ɗalibin harshe ke samun abincinsa, domin kundin gwanjo na da tsani na kalmomi. In an rubuta sunan mai zane shi kaɗai, gidan gwanjon na cewa aikinsa ne. Ƙasa da haka sai attribué à, ana jingina masa. Sai atelier de, daga shagonsa ya fito, wataƙila hannun yaransa. Sai entourage de, na kusa da shi. Sai suiveur de, mabiyinsa. Can ƙasa sai manière de, an kwaikwayi salonsa daga baya. Ƙyallen bai canja ba, fentin bai canja ba, amma taka ɗaya a tsanin ga na iya mayar da miliyoyi dubbai. Ko a zamaninsa maganar suna ta ba shi wahala. Bellotto ma ya riƙa amfani da sunan Canaletto a ƙasashen Jamus da Folan, kuma a Landan an yi ta raɗe-raɗin cewa wanda ya zo ɗin ba Canaletto na ainihi ba ne.

Na biyu, salsala. Kamar yadda malamin hadisi ke bin wa ya ji daga wa, haka dillali ke bin wa ya saya daga wa. Zanen 2025 ya taɓa zama mallakar Robert Walpole, wanda ake ɗauka firayim ministan Birtaniya na farko, kuma ya rataya a gida mai lamba 10 a Downing Street. Wanda ya saya ya shigar da sunansa cikin jerin da Walpole ke kai. Wani kaso na miliyoyin nan kuɗin zama kusa da Walpole ne.

Na uku, ƙaranci. Mai zanen ya mutu, ba za a ƙara ko ɗaya ba. Mafi yawan masu kyau sun shiga gidajen tarihi, ba sa fitowa. Italiya kuma na da doka mai tsauri kan fitar da tsofaffin kayan fasaha, gwamnati na iya hana su ƙetare iyaka. Abin da ya rage a hannun ɗaiɗaikun mutane kaɗan ne, masu nema da yawa.

Akwai na huɗu da ba a cika faɗa ba: zanen ga ba ya tsokanar kowa. Babu gicciye, babu jini, babu labarin da sai ka karanta littafi za ka gane. Attajirin kowace ƙasa da kowane addini zai rataya shi a falo, baƙo ya shigo ya gane Benis nan take. Sauƙin nan ne ke faɗaɗa kasuwarsa, kuma shi ne iyakarsa a wurina.

Kada kuma a ɗauka hukuncin kasuwa a tsaye yake. A 1843 John Ruskin, matashin mai sharhi na Ingila, ya fara fitar da littafinsa Modern Painters, inda ya caccaki Claude da Salvator Rosa da Canaletto, ya zargi ruwan Canaletto da zama aikin maimaici marar rai. Salvator Rosa, wanda Ingilishi sunka taɓa ɗauka a ka, bai sake komawa matsayinsa na da ba. Francesco Guardi kuwa, wanda a rayuwarsa yake bayan Canaletto a suna da farashi, mai zanen da hannunsa ke rawa har gine-ginen su yi kamar suna narkewa cikin haske, an sayar da nasa hoton gadar Rialto fam miliyan 26 da dubu 700 a Sotheby's a 2011. Wannan ya zarce fam miliyan 18 da dubu 600 da wani Canaletto ya samu a 2005, kuma sai a 2025 Canaletto ya sake shiga gaba. Zanen na nan yadda suke tun ƙarni na 18, ɗanɗanon masu kuɗi ne ke kai da kawowa.

Abin da ba zan hana su ba

Adalci ya sa in faɗi wannan. Tsarabar nan ta yi amfanin da masu odarta ba su yi mafarki ba. Jamhuriyar Benis ta faɗi a hannun Napoleon a 1797, shekara mai zuwa anka farfasa Bucintoro don a kwashe zinariyarsa, yau a zane ne ake ganin yadda yake a kan ruwa. Bayan yaƙin duniya na biyu, da anka tashi sake gina tsohon garin Warso na Folan wanda sojojin Jamus sunka rusa, hotunan Bellotto na cikin abin da magina sunka duba. A 2003 masanin yanayi Dario Camuffo da abokin aikinsa sunka auna layin gansakukar da Canaletto da Bellotto sunka zana a gindin gine-gine, sunka gwada da inda yake yanzu, sunka samu cewa ruwa ya hau garin da kusan santimita 60. Mutumin da ke matsar da hasumiya don hoto ya yi kyau bai yi wasa da koren layin da ke jikin bango ba. Kuma ba don masu tarawa sun adana su a ɗakunansu shekara da shekaru ba, da yawansu sun salwanta.

Amma adanawa daban, hukunci daban. Mai kuɗi ya sayi suna da salsala da damar cewa nawa ne, wannan tsakaninsa da aljihunsa. Mu da ba za mu taɓa ɗaga hannu a Christie's ba, kuskurenmu shi ne mu ari ma'auninsa, mu ce mafi tsada shi ne mafi kyau. Haka muke yi da waƙa, mu ƙidaya masu kallo a YouTube kafin mu saurara. Haka muke yi da littafi, mu tambayi wace kyauta ya ci kafin mu buɗe shi. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima, in an bar shi ya yi aikinsa.

Fotokofi ba zai ɗauki launi ba, shi ya sa ban sa hoto a ɗan littafin ga ba. Amma sunayen na sama. In kun samu megas, ku nemi Bucintoro na Canaletto, ku nemi filin magina na San Vidal, ku ajiye su gefe da gefe, ku rufe farashi da yatsa, ku ba kowane minti biyar. In kun fi son na bikin, ku zo fada ku gaya mini dalili, ni zan sayi sukarin shayin ranar.